Tsuntsu Daga Sama Ba Kullum Ne Gasasshe Ba

Wata Alhamis cikin hunturu, kasuwar Darki da ke ƙaramar hukumar Wudil tana tsakiyar ci, na zauna a teburin mai shayi kusa da wani dattijo manomin rani da ya kawo kwandunan tumatir. Hira ta kai mu ga wani abu da ya gani a fadamarsa kwana uku kafin nan: kirinjijiya biyu da balbela ɗaya kwance a bakin ruwa, babu jini, babu rauni, babu alamar harbi. Jikokinsa suka ɗauko ɗaya suka kai gida suna buɗa fukafukanta. Da ya gani sai ya karɓe, ya wurga ta bola.

Na ce, "Baba, da hannu ka ɗauka?"

Ya ce, "To da me zan ɗauka, ɗana? Ai mushe ce, ba ci za mu yi ba."

Amsar da mafi yawanmu za mu bayar ke nan, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Addini ya rufe mana ƙofar cin mushe, wannan kuwa kariya ce babba. Sai dai cuta ba ta baki kaɗai take shiga ba. Tana bin hannu zuwa ido da hanci, tana bin ƙurar gashin tsuntsu, tana bin takalmi har akurki. Bolar da dattijon ya jefa kirinjijiyar kuwa, nan ne kajin unguwa suke wuni suna tono.

Abin da ake tsoro shi ne murar tsuntsaye, musamman nau'in da likitoci ke kira H5N1. Ba baƙuwarmu ba ce. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ita a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko ke nan a duk nahiyar Afirka, kuma cikin 'yan kwanaki aka ji ta a Kano da Filato. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a jikin agwagi a Magaria ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 wata budurwa ta rasu da ita a Legas. Kafin a shawo kanta a 2008, tsuntsayen da suka mutu ko aka kashe a Najeriya sun haura miliyan ɗaya. Ta dawo a farkon 2015, ta sake dawowa a 2021, kuma duk zuwan da ta yi Kano tana sahun gaba, domin nan ne mahaɗar cinikin kaji. Ko a farkon 2025 an tabbatar da ita a wani gida a Gwale, bayan an sayo agwagwa ɗaya tak a kasuwar Janguza an haɗa ta da tsuntsayen gida.

Ina ruwan tsuntsun daji da wannan? Ku dubi kogin da ya ratsa Wudil. Ruwansa yana gangarawa zuwa Haɗeja, ya baje a dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban agwagin ruwa da sauran tsuntsaye daga Turai da Asiya ke sauka duk shekara idan sanyi ya koro su. Suna cuɗanya da namu na gida, kirinjijiya da dinya da zalɓe, su kuma waɗannan su bi fadamu da kududdufai har bayan gari. Tsuntsayen ruwa su ne asalin mazaunin wannan ƙwayar cuta, kuma wasunsu kan ɗauke ta ba tare da sun ko yi laushi ba. A Janairun 2021 kwasakwasa kusan 750 suka mutu da ita a gandun tsuntsaye na Djoudj a ƙasar Senegal. Ƙwayar tana daɗewa a cikin ruwa da ɗanyen kashi idan gari ya yi sanyi, shi ya sa hunturu ya fi zama lokacinta.

Ban ce duk tsuntsun da ya faɗo mura ce ta kashe shi ba. Nesa ba kusa ba. Wayar lantarki tana kashewa, mota a kan titin Kano zuwa Maiduguri tana kashewa, haka mage, da danƙon yara, da guguwar farkon damina, da zafin bazara, da tsufa. Matsalar ita ce ido ba ya rarrabewa. Saboda haka abu na farko, tsaya nesa kaɗan ka duba, hannunka a aljihu. Guda nawa ne? Wane iri ne? Akwai jini ko karaya? Akwai wasu a kusa da suke layi, ko suna murɗe wuya, ko sun kasa tashi? Kurciya ɗaya a ƙarƙashin waya ba abin tayar da gari ba ne. Amma tsuntsu uku ko fiye a wuri ɗaya, ko kuma ko da ɗaya ne in dai na ruwa ne, ko mai cin nama irin su shirwa da shaho da hankaka da ungulu, wannan labari ne da ya kamata ya wuce kunnenka. Idan kana da waya mai kyamara, ɗauki hoto daga inda kake tsaye.

Sai yara. Su ne kan riga kowa gani, kuma su ne ba sa ƙyama. Uwargida, wannan aikinki ne fiye da na kowa: ki koya musu tun yau cewa tsuntsun da ba ya gudun mutum ba a taɓa shi, a zo a faɗa wa babba. Kada a yi wa yaron da ya zo da labari tsawa, domin gobe ɓoyewa zai yi. Wanda ya riga ya taɓa, a wanke masa hannu da fuska da sabulu, a sauya masa riga. A kore kare da mage su ma. Kyanwa tana kamuwa idan ta ci tsuntsu mai cutar, kuma takan mutu.

Idan guda ɗaya ne kuma dole a kawar da shi, ga yadda za ka yi. Rufe hanci da baki da takunkumi, ko ka ninka rawani ko ƙyalle. In babu safar hannu ta roba, leda ta wadatar: zura hannunka cikin leda mai kauri wadda ba ta huje ba, ka kama tsuntsun, sannan ka juyo ledar ta rufe shi, ka ƙulle. Saka ta cikin wata ledar ka sake ƙullewa. Idan babba ne, shebur ya fi. Kada ka girgiza shi, kada ka kusanto da shi fuska don ka shinshina, kada ka tsige gashi ko ɗaya, komai kyansa.

Daga nan sai rami. Ba bola ba, ba kwata ba, ba kududdufi ba, ba kuma jefa shi bayan katangar maƙwabci ba. Haƙa rami mai zurfin kamu biyu, wato kimanin mita ɗaya, yadda kare ba zai tono ba. Ka nisanci rijiya da burtsatse da bakin ruwa da aƙalla taku talatin, kuma ka zaɓi tudu, domin a fadama ruwa yana kusa da sama. In kana da farar ƙasa, barbaɗa a kai kafin ka mayar da ƙasa, ka danne da dutse ko ƙaya. Wasu sun fi son ƙonawa. Ban hana ba, amma wutar kara da ke babbake gashi ta bar nama ɗanye ba ta yi aikin komai ba, sai ma ta kira karnuka. Binnewa ta fi sauƙi, ta fi tabbas.

Aiki bai ƙare ba sai ka wanke. Hannu da sabulu har gwiwar hannu, a cuɗa sosai, ba tsoma-ka-fitar ba. Shebur da fartanya da ƙasan takalmi a wanke da omo, sannan a bi da ruwan da aka zuba wa Hypo ko Izal. Sabulu kansa yana lalata wannan ƙwaya, amma sai an fara kankare taɓo da kashi. Kayan da ke jikinka su tafi wanki kai tsaye, a shanya a rana. Kuma kafin duk wannan, kada ka leƙa akurki, kada ka ba kaji tsaba.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya dakata. Haɗarin gaske ba a mataccen tsuntsu yake ba, yana ga wanda ya kusa mutuwa. Dinya ce a gefen shinkafa ta kasa tashi, ko fakara tana layi, sai a ce tsuntsu daga sama gasasshe, a zaro wuƙa da sauri kafin ta zama mushe. Haka muke yi wa kajinmu ma: da an ga kaza ta yi sanyi, sai a ce a yanka kada a yi asara. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Gaskiya ne cewa dahuwa sosai, wadda ta ratsa har ƙashi, tana kashe ta. To amma kafin tukunya akwai jini, akwai fige, akwai fiɗa da wanke kayan ciki, kuma a nan mutane suke kamuwa. Wa ke yin wannan aikin a gidajenmu? Mata da yara. A Masar, inda aka sami mutane da yawa da cutar ta kama, akasarinsu masu kiwon kaji ne a tsakar gida, irin namu. Kamuwar mutum ba ta da yawa, wannan gaskiya ne. Amma daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum fiye da 850 da suka kamu, kuma kusan rabinsu ba su tashi ba. Babu naman da ya kai wannan tsada.

Akwai kuma guba, wadda a yankinmu na noma ina ganin ta fi mura yawan kashe tsuntsaye. Irin shuka da aka cuɗa da magani, maganin ɓera, feshin ƙwari a tumatir, da Furadan da wasu ke zuba wa hatsi da gangan don kama agwagin ruwa. Haka nan idan jirgi ya yi wa jan baki feshi a gonakin shinkafa da gero, gari kan waye da tsuntsaye zube a ƙasa, wasu su kwashe a buhu su soya su kai kasuwa. Wuta ba abin dogaro ba ce wajen guba. Idan ka ga ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi zube a wuri ɗaya kusa da sabuwar shuka ko inda aka yi feshi, ka zargi guba, ka binne su da zurfi. Barin su a fili yana kashe na gaba: shirwa ta ci ta mutu, ungulu ta ci ta mutu. Wanda ya girma a ƙasar Kano ya san yadda ungulaye ke cika mahauta a da, ya kuma san yau sai an yi sa'a ake ganin ɗaya. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Idan ka tsinci mushenta, kada ka kai wa masu sayen kai da ƙafa.

Idan tsuntsayen suna da yawa, kada ka binne tukuna. Kifa musu tsohon kwando ko ka rufe da buhu ka danne, ka hana kowa zuwa wurin, ka sanar a ranar. Gawa ɗanya ce take da amfani a wurin gwaji. Wadda ta kwana biyu a rana ba ta faɗin komai. Fara da mai unguwa ko dagaci, da malamin gona, sannan sashen noma na ƙaramar hukuma a Wudil ko likitan dabbobi mafi kusa. Su za su ɗebi samfur, a aika Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, inda ake tabbatarwa. Kada ka ɗauko su a babur da sunan kai shaida, balle ka ajiye a firijin gida. In ka ga zoben ƙarfe mai lamba a ƙafar tsuntsun, ɗauki hotonsa ka nuna wa jami'in. Masu bincike ne suka sa shi, kuma lambar tana faɗin ƙasar da ya fito.

Na san abin da ke hana mutane magana: tsoron kada a zo a kashe musu kaji, diyya kuma ta yi nawa ko ba ta zo ba. Tsoro ne mai dalili, ba zan raina shi ba, domin kaza ita ce asusun matar karkara. Amma ba da labarin tsuntsun daji ba shi ne hukuncin kisa a kan kajinka ba. Shiru ne yake cinye su, domin idan cutar ta shiga akurki tana iya share shi cikin kwana biyu ko uku, ta tsallaka maƙwabta.

Don haka a makonnin da suka biyo baya, tsare kajinka da zabi a gida, ko da a ƙarƙashin kwando ne da dusa. Raba su da agwagi. Ruwan shansu ya zama na rijiya ko famfo, ba na kududdufi ba, kuma a rufe tsaba kada tsuntsayen waje su sauka a kai. Sabuwar kazar da ka sayo ranar kasuwa ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin sauran. Masu zuba kashin kaji a tumatir da albasa, ku san gonar da ya fito, ku bar shi ya ruɓe sosai. Idan ka ga mutuwar farat ɗaya, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, ƙafafu kamar jini ya kwanta, kira likitan dabbobi, kada ka ruga kasuwa da ragowar. Ciwon kaji na hunturu da muka saba da shi yana kama da wannan ƙwarai, gwaji ne kaɗai ke raba su.

Kai kuma da ka taɓa, da yaran da suka yi wasa da shi, a sa ido kwana goma. Zazzaɓi, tari, ciwon maƙogwaro, jan ido, ko numfashi sama-sama, kada a tsaya a kemis ana cewa maleriya ce. A tafi asibiti, kuma da bakinka ka fara cewa, "Likita, na taɓa mataccen tsuntsu ran kaza." Akwai maganin mura mai suna Tamiflu, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko, kuma likita ba zai yi tunaninsa ba sai ka ba shi wannan labarin. Idan asibiti ya yi nisa, lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232, kuma kiran kyauta ne.