Daga "Mata" Zuwa "Uwa": Wani Darasi a Kan Kwatanta Harsuna

Gabatarwa

A Potiskum na tashi, kuma Karekare muke yi a gida. Hausa a titi da makaranta na tsince ta. Ina yaro, in muna kallon finafinan Indiya, nakan ji suna cewa "mata", sai in ɗauka Hausa suka aro. Sai da na fara nazarin harshe na gane kuskurena.

"Mata" a Indiya

A harshen Hindi, "mata" na nufin mahaifiya, kuma tushenta harshen Sanskirit ne. A Hausa kuwa jam'in mace ce, ko matar aure idan karin sauti ya sauya. Babu dangantaka tsakaninsu, domin Hausa 'yar rukunin Cadi ce, Hindi kuwa dangin harsunan Turai. Dacewa ce kawai.

Mabiya addinin Hindu sun kai uwa matsayin abin bauta. Littafinsu Taittiriya Upanishad ya umarci ɗalibin da ya sauke karatu ya girmama uwa, sannan uba, sannan malami. Suna kiran kogin Ganga uwa, saniya ma haka. Wannan tunani ne ya ratsa fim ɗin Mother India na 1957, wanda Hausawa suka daɗe suna so.

"Uwa" a Hausa

Bahaushe Musulmi ba ya bauta wa uwa, amma ya san hadisin da ya ambace ta sau uku kafin uba. Harshensa ma shaida ne. Duba waɗannan:

1. uwar kuɗi: jarin da ke haifar da riba
2. uwar maƙera: ƙarfen da ake ƙira a kansa
3. uwar ɗaki: wadda mutum ke dogaro da ita
4. uwargida: matar farko, shugabar gida

A kowanne, "uwa" na nufin tushe ko madogara. Haka abin yake a sarauta: Mai Babban Ɗaki a Kano, Inna a Gobir, Magira a Borno. Shi ya sa zagin uwa ya fi kowane zagi ciwo.

Kammalawa

Kamar da ke tsakanin al'ummun biyu tana cikin ma'ana, ba cikin sauti ba. Don haka 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu ce wata kalma aro ce, mu binciki tushenta tukuna. Ku gwada tattaro irin waɗannan kalmomi a harsunanku na gida, Bolanci ko Ngizim ko Fulatanci, mu ga abin da za su faɗa mana.