Kamfanonin da Ke Fara Tafiya Tun Ranar Ƙyanƙyasa

Ɗalibin da ya lura da tsuntsaye ya san ɗan tattabara kan yi makonni a sheƙa ana ba shi abinci a baki, amma ɗan zabo da zarar ya bushe sai ya bi uwarsa kiwo. Haka kamfanoni suke. Yawancinsu sai sun ƙoshi da kasuwar gida suke leƙa waje. Wasu kuwa tun shekarar farko mai sayen kayansu yana ƙetare. A 1993 wani bincike a Ostareliya ya ja hankalin masana ga irin waɗannan.

Misali na kusa shi ne Olam, wanda aka kafa a Nijeriya a 1989 don fitar da ƙwallon kashu zuwa Indiya, daga baya hedkwatarsa ta koma Singafo. Ƙanana irinsa su ne ke sayen riɗi da soɓorodo a ƙasar Gumel, daga Gagarawa Tasha zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari. A da gyaɗa ce ke bin jirgin Nguru zuwa Kano. Yau manyan motoci ke kwasar buhuna zuwa Legas.

Me ya bambanta su? Jarinsu ba shi da yawa, ma'aikata kaɗan ne, hajar ma sau da yawa ɗaya ce tak. Mai kamfanin kan zo da sanayya: ya san mai saye a Meziko ko Japan tun kafin ya kama hayar sito. A ganina, abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne ilmin halittu, ko da yake za a ce na yi son kai.

Ga dalili. Soɓorodon da za a sha a Gumel ido ne ke tantance shi. Wanda za a kai Meziko sai ya bi ta ɗakin gwaji. Ƙasar ta taɓa dakatar da soɓorodon Nijeriya na wasu shekaru saboda ƙwaron sito, Trogoderma granarium, wanda tsutsarsa kan ɓuya a tsagar bango ta daɗe ba ci. Riɗi kuma, in an shanya shi a ƙasa inda kaji ke yawo, yana iya ɗaukar ƙwayar Salmonella, Turai ta maido da kwantena guda. Babban kamfani zai jure asarar. Ƙarami ba shi da kasuwar gida da zai koma, shi ya sa wakilinsa kan tambayi manomi a kan me ya shanya kafin ya tambayi farashi.