Darasin Gudanar Da Kasuwanci: Abin Da Aikin Noman Rani Na Kudancin Tafkin Chadi Ya Koya Mana

Daga Gomari, Maiduguri

Masana harkar gudanarwa suna da wata hanyar tunani da ke ɗaukar kamfani ko ma'aikata a matsayin jiki guda, wanda gaɓoɓinsa ke dogaro da juna, kuma yake shan numfashi daga abubuwan da ke wajen katangarsa. Peter Senge ya yaɗa ta a littafinsa na 1990, amma mu a Borno ba sai mun je Amurka neman misali ba.

A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, mai hedkwata a nan Maiduguri. Babban aikinta shi ne noman rani a yankin Marte, inda aka tsara noma alkama da shinkafa a hekta kusan 67,000. Aka haƙa magudana daga tafkin, aka kafa injinan tura ruwa a Kirenowa, aka gina tashar lantarki a Sabon Marte, aka fara noma a 1979. In aka ɗauki kowane sashe shi kaɗai, da wuya a kushe shi.

To, ina gizo ke saƙar? Duk wannan dukiya an ɗora ta ne a kan zato guda, watau cewa tafkin zai ci gaba da zama inda aka san shi. An yi binciken farko ne a shekarun 1960, lokacin damina mai albarka, sa'ad da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Alhali kuwa tafki ne marar zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, waɗanda ke ɗauko shi daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Ashe maƙogwaron aikin yana hannun ruwan saman wata ƙasa ne. Abin mamaki ma, a 1973 ɗin da aka kafa hukumar ne fari ya raba tafkin gida biyu. Da farin 1984 ya zo, ruwa ya janye ya bar magudana a bushe, injina suka tsaya cik. Manoman yankin kuwa, da ba su da kankare da zai riƙe su, sai suka bi ruwan, suna shuka wake da masara a danshin da ya bari.

Herbert Simon, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 1978, ya yi bayanin cewa babu shugaban da ke yanke shawara da cikakken sani. Lokaci da bayanai da ƙwaƙwalwa duk suna da iyaka, don haka mutum kan tsaya a kan zaɓin farko da ya gamsar da shi. Wannan ba abin kunya ba ne. A ganina, kuskuren shi ne mutum ya zuba jarinsa duka kamar ya san gobe. Wanda ya yarda saninsa gajere ne yakan yi gini mataki-mataki, yana barin ƙofar juyawa.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen gwamnati ne. A watan Janairun 2021 aka lalata turakun da ke kawo wa Maiduguri lantarki ta hanyar Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu. Mai ƙanƙara da mai walda da mai injin niƙa a Gomari duk sun gane cewa sana'arsu tana rataye ne a kan waya guda.

Saboda haka, kafin ka sayi sabon inji ko ka buɗe reshe, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da sai da shi kasuwancinka ke tafiya: wuta, ruwa, hanya, dillalin da ke kawo kaya, babban mai saye, farashin dala. Ja layi a ƙarƙashin waɗanda ba ka da iko a kansu. Sa'an nan ka kira akawunka da mai kula da sito, domin sukan ga abin da maigida ba ya gani, ku lissafa wata nawa za ku iya biyan albashi da haya in ɗaya daga cikinsu ya yanke. In amsar ba ta kai wata uku ba, a rage girman sabon aikin, a ajiye ragowar kuɗin tukuna.