Mutuwar Ƙashin Muƙamuƙi Ta Dalilin Magani: Yadda Akan Gane Shigar Ƙwayoyin Cuta

A shekarar 2003 wani likitan tiyatar baki na Jami'ar Miyami ta ƙasar Amurka, mai suna Robert Marx, ya ba da labarin majiyyata 36 waɗanda ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu, ya fito fili a cikin baki, ya kuma ƙi warkewa. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ana yi musu allurar ƙarfafa ƙashi, watau famidironet ko zoledironet. Ana ba da waɗannan magunguna ga masu sankarar mama, da sankarar ɓargo, da sauran irin sankarar da kan yaɗu zuwa ƙashi. Danginsu kuwa, kamar alendironet da ake sha da denosumab da ake yi ta allura, ana ba tsofaffi masu ciwon zaizayewar ƙashi. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, domin suna hana karaya, suna kuma rage zafin ciwo. A cikin masu shan alendironet saboda zaizayewar ƙashi, waɗanda wannan lahani kan sama ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Ya fi aukuwa ne ga masu sankara, saboda su ake ba mai yawa, kuma a kai a kai.

Aikin maganin shi ne rage ƙarfin ƙwayoyin jiki masu rushe tsohon ƙashi. To, amma ƙashi ba ya sabuntuwa sai an rushe tsohonsa. Muƙamuƙi kuwa kullum cikin aiki yake, kuma 'yar fatar dasashi kaɗai ta raba shi da yawu. Idan aka cire haƙori, ko haƙoran roba suka goge dasashi, sai ramin ya kasa cikowa. Muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama kamuwa. Ko a ƙarni na 19 an ga irin wannan ruɓewa ga ma'aikatan ashana na Turai masu shaƙar hayaƙin farin fosforos, har aka ƙulla yarjejeniyar hana amfani da shi a birnin Ban na ƙasar Suwizalan a 1906.

Ƙungiyar likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ta Amurka ta tsara sharuɗɗan gane ciwon tun 2007, ta kuma sake dubansu a 2009 da 2014 da 2022. Sai majiyyaci ya taɓa karɓar irin wannan magani, sai ƙashi ya zauna a buɗe fiye da mako 8 (ko a iya taɓa shi da tsinken likita ta wata 'yar ƙofa), kuma ya kasance ba a taɓa gasa muƙamuƙin da hasken na'urar sankara ba, sankara kuma ba ta yaɗu zuwa gare shi ba. A mataki na farko ƙashin yana buɗe amma babu zafi, babu kumburi. A na biyu ƙwayoyin cuta sun kama wurin. A na uku ɓarnar ta zarce mazaunin haƙora, har ƙashi ya karye, ko mugunya ta huda fatar haɓa, ko rami ya buɗe zuwa kogon hanci. Ashe ke nan tambayar da ta raba mataki na farko da na biyu ita ce: shin ƙwayoyin cuta sun shiga? A kan amsarta ne likita zai san ko ruwan kurkurar baki na kuloheksidin ya isa, ko sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko kuma da tiyata.

Wahalar da ke cikin amsa wannan tambaya ita ce bakin mai lafiya ma cike yake da bakteriya, iri wajen 700 aka sani suna zama a bakin ɗan Adam. Duk ƙashin da ya zauna a buɗe cikin yawu lalle za a same su a kansa. Saboda haka ganin bakteriya kaɗai ba shaida ba ce. Abin nema shi ne ko sun kutsa cikin ƙashi, jiki kuma ya tashi yaƙi da su. Shi ya sa goga auduga a kan miki a aika ɗakin gwaji ba ya da amfani sosai. Sakamakon zai dawo da sunayen mazauna bakin na kullum, likita marar lura kuma ya bi su da magani, alhali kuwa masu ɓarnar suna can ƙasa.

Shaida ta farko tana ga ido da hannun likita: zafi, da jan dasashi, da kumburi, da mugunyar da ke fitowa in an danna, da warin baki, da haƙoran da suka fara girgiɗi ba dalili. Idan leɓen ƙasa ya daina ji, alama ce ciwon ya kai ga jijiyar da ta ratsa muƙamuƙi. Gwajin jini ba abin dogara ba ne a nan, domin ciwon da ya daɗe yakan ci ƙashi ba tare da zazzaɓi ko hauhawar fararen ƙwayoyin jini ba. Hoton muƙamuƙi, musamman na na'urar CT, yana nuna faɗin ɓarnar da ɓallen mataccen ƙashi, amma ba ya faɗin sunan ƙwayar cuta.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ɗebo ƙashin kansa a lokacin tiyata, ko a zuƙo mugunya da sirinji daga ƙurji wanda bai fashe ba. Akan raba abin da aka ɗebo kashi biyu. Kashi ɗaya a sa shi a ruwan fomalin domin a yayyanka a duba da madubin likita. Ɗayan kuwa a kai shi ɗanye domin a shuka ƙwayoyin su tsiro. In aka yi kuskure aka zuba duka a fomalin, shuka ta tashi, domin fomalin yana kashe su nan take. Har wa yau, da yawa daga bakteriyar da ke cikin mataccen ƙashi ba sa jure iska, don haka sai a rufe samfurin a mazubi na musamman, a kai shi da gaggawa.

Akwai wata bakteriya da ta cancanci a tsaya a kanta, watau Aktinomaisis. Mazauniyar baki ce, siffarta kamar zare mai rassa, takan dunƙule ta yi tsaki-tsaki masu launin farar wuta a cikin mugunya. Da madubi akan gan ta a mafi yawan ƙasusuwan da aka cire daga masu wannan ciwo, amma a shuka sau da yawa ba ta fitowa. Dalili kuwa shi ne tana da jinkirin tsiro, takan ɗauki mako biyu ko uku, ga shi kuma an saba zubar da farantin shuka bayan 'yan kwanaki. Wajibi ne likita ya rubuta a takardar gwaji cewa ita yake zato, domin a jira ta. Masana sun rabu a kan ko ita ke fara ɓarnar, ko kuwa mataccen ƙashi ta tarar ta zauna. Ko wanne ne, idan aka gan ta a cikin ƙashi, kewaye da ƙwayoyin mugunya, ba a raina ta. Magani daga dangin fenisilin ake bayarwa na tsawon makonni. Duba da madubi yana da wata fa'ida kuma: shi ke tabbatar da cewa ba sankarar ce ta yaɗu zuwa muƙamuƙi ba.

Bakteriyar ba sa zama ɗai-ɗai. Sukan haɗu iri-iri su lulluɓe kansu da yauƙi, su manne wa ƙashi kamar gansakuka a jikin randa. Mataccen ƙashi ba ya da jini, don haka maganin da aka sha ba ya isa gare su yadda ya kamata, kuma wannan ne ya sa ciwon kan lafa ya dawo har sai an cire mataccen. Manyan ɗakunan bincike suna gano su ta hanyar karanta ƙwayar halittarsu ko da ba su tsiro ba, sai dai wannan gwaji ba ya bambanta rayayyu da matattu.

Majiyyaci yana da nasa rabon a cikin aikin. Wanda ya sayi kafso a kemis ya sha kwana uku kafin ya je asibiti, ya rage zafin, amma ya dusashe sakamakon shuka, ya kuma bar ƙashin yadda yake. Idan har ya riga ya sha, sai ya faɗi sunan maganin da ranar da ya daina. Haka nan ya gaya wa likitan haƙori duk allurar ƙashi da aka taɓa yi masa, ko da an daɗe da dainawa: ƙarfin denosumab yakan gushe bayan kamar wata 6, amma zoledironet da alendironet suna zama a cikin ƙashi shekaru da yawa. Wanda kuma za a fara yi wa allurar, a fara duba haƙoransa a cire ruɓaɓɓu tukuna. Kada a dakatar da maganin sankara ko na zaizayewar ƙashi saboda miki a baki sai da shawarar likitan da ya rubuta shi.