Darasi na Bakwai: Harshen Jayayya Kan Ikon Shugaban Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda 'yan siyasa ke sarrafa kalmomi idan gardama ta kaure kan iyakar ikon shugaban ƙasa. Manufarsa ita ce ɗalibi ya iya rarrabe abin da ya faru da sunan da kowane ɓangare ya laƙaba masa.

2.0 Kalmar "Tazarce"

Asalin kalmar jumla ce, wato "ta zarce", wadda ta ƙunshi wakilin suna da aikatau, sannan ta dunƙule ta zama suna. Ta yi tashe a 1998, lokacin da magoya bayan Janar Sani Abacha ke neman ya ci gaba da mulki. A bakinsu kirari ce. A 2006 kuwa, da aka nemi gyara tsarin mulki domin Shugaba Obasanjo ya sami wa'adi na uku, sai ta koma zargi a bakin 'yan adawa, har Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin ranar 16 ga Mayu. A Nijar ma magoya bayan Shugaba Tandja sun ɗauke ta take a 2009, kafin sojoji su kifar da shi a 2010.

3.0 "Bin Doka" da "Tsaron Ƙasa"

An tsare Kanar Sambo Dasuki daga Disambar 2015 zuwa Disambar 2019, duk da cewa kotuna sun ba da belinsa. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ɗan jihar Kebbi, ya kare gwamnati da hujjar maslahar jama'a. Jam'iyyar PDP ta kira abin take doka, magoya bayan APC suka kira shi yaƙi da cin hanci. A lura cewa da yawa daga masu kare wannan tsarewa su ne suka yi wa Obasanjo ca a 2006 da sunan kare tsarin mulki. Wato kalma takan bi kujerar da mai magana yake kai.

Ma'aunin da ba ya bin jam'iyya shi ne Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 137 ya hana wanda aka zaɓa shugaba sau biyu sake tsayawa, sashe na 287 kuma ya wajabta wa dukkan hukumomi zartar da hukuncin kotu.

4.0 Kammalawa

Malamin da aka tura aji a Zuru zai tarar da 'ya'yan magoya bayan jam'iyyu daban-daban a benci guda. Idan ya ari kalmar ɓangare ɗaya ya koyar da ita a matsayin gaskiya, ya raba ajinsa. Aikinsa shi ne ya horar da su tambayoyi uku: me ya faru, wa ya ba shi wannan suna, me doka ta tanada?

5.0 Auna Fahimta

1. Fayyace ƙirar kalmar "tazarce" da sauyin ma'anarta.
2. Nemo labarin siyasa daga jarida, ka ware kalmomin bayani daga kalmomin ɗaukar ɓangare.