“Ƙirar Jamus Ce” Ba Hujja Ba Ce: Abin Da Na Koya A Ƙarƙashin Mota

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a tasha ya san wannan gardamar. Wani ya ce ba mota sai ta Jafan, wani ya ce ƙarfen Jamus daban ne, wani kuma ya rantse ko kyauta aka ba shi ta Caina ba ya so. Ni ma da haka na taso a Kusada. Abin da ya sauya mini tunani shi ne wata huɗun da na yi ina SIWES a wani gareji a Kankiya, da kuma ranar da yayana ya kusa zuba kuɗin bijimansa biyu da na waken da ya noma a kan wata mota, don kawai an ce masa ƙirar Jamus ce.

Motar doguwa ce mai tudun rufi, irin wadda muke kira J5. Dillali ne ya kawo ta daga Kano, ta sha fenti sai sheƙi take. Yaya yana so a yanka mata tagogi a sa kujeru, ya riƙa ɗaukar fasinja da kaya daga Kusada zuwa Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya da kasuwar Caranci. Ya ce in zo in duba, tunda “an kai ka makarantar injiniya”. Da na leƙa ciki sai na ga abubuwan da ban gane ba: wata ƙofa mai murabba’i a rufi an liƙe ta, wani ɗan murfi a gefe kamar na soket, ga huji-huji a dandamali. Maigidana na gareji ya yi dariya ya ce, “Yaro, wannan a can ɗakin kwana ce.”

Mene ne mota mai ɗaki?

A Turai da Amurka akwai motocin da ake gina wa ɗaki a baya, da gado, da murhun gas, da tankin ruwa, har da banɗaki. Iyali su shiga su yi makonni suna yawon hutu, inda dare ya yi nan ne gida. Abin lura ga ɗalibin injiniya shi ne kusan kowace irin wannan mota maƙera biyu gare ta. Kamfani ɗaya ya ƙera inji da giya da birki da shasi, wato ƙashin bayan mota, wani kamfani daban ya gina ɗakin a kai.

A Amurka, inda tituna ke da faɗi kuma mai ke da sauƙi, ana yin su manya, wasu kamar bas ɗin dogon zango, da yawa a kan shasin Ford. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya fara nasa a 1966, amma mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiana ake haɗa su. A Turai ƙanana ne, kuma akwai dalili: lasisin tuƙi na gama-gari ya tsaya ne a kilo 3,500. Don haka maƙerin Jamus ko Faransa dole ya auna kowane katako da kowane ƙarfe, kada motar ta haura wannan nauyi. A Jafan kuwa, inda lunguna ke da ƙunci, sun fi ginawa a kan Toyota Hiace, wadda mu nan muka sani da Homa, ko ma kan ’yan ƙananan a-kori-kura.

Kun ga ke nan kowace ƙasa ta yi ne daidai titinta da dokarta da aljihun mutanenta. Amma duk ciwonsu ɗaya ne, ruwa. Duk inda aka huda rufi ko bango don taga ko bututu, da gam ake toshewa. Rana ta busar da gam ɗin, ruwa ya sulala ciki, katako ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, mai mota bai sani ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa a Turai ba sa ɗaukar alhakin yoyo sai in ana kai musu motar suna gwada danshi duk shekara.

Sunan ƙasa ya daina faɗin gaskiya

Da yawa daga cikin motoci masu ɗaki na Turai a kan Fiat Ducato ake gina su, har da na sanannun kamfanonin Jamus irin su Hymer. Ita kuwa Ducato a garin Atessa na Italiya ake ƙera ta tun 1981, kuma a masana’anta ɗaya aka riƙa fitar da ita da Peugeot J5. Uwa ɗaya uba ɗaya, tambari ne kawai ya bambanta. A 1994 Boxer ta gaji J5, mu dai ba mu fasa kiran su duka J5 ba. Wato motar da ke kai tumatir Kudu ita ce dai Bature ke kwana a ciki a bakin teku. Shi kansa Hymer ɗin, kamfanin Thor na Amurka ya saye shi a 2019.

Ga wani misalin a tasharmu. Sharon ɗin da ke jigila tsakanin Katsina da Kano tambarin Volkswagen gare ta, amma a Fotugal aka haɗa ta, tare da Ford Galaxy ta farko. Fijo 504 kuwa da iyayenmu ke yabo har gobe, ta kamfanin Faransa ce, amma hannun ’yan Najeriya ne ya haɗa ta a Kaduna, inda masana’antar ta fara aiki a 1975. To wace ce “ƙirar” wace ƙasa?

Motar da aka kawo wa Yaya, lambar shasinta da ZFA ta fara, wato Fiat ta Italiya. Abin da ya haɗa ta da Jamus shi ne ɗakin da aka gina mata da kuma zaman da ta yi a can. Ɗakin an fasa an zubar tun kafin ta hau jirgi. Abin da ya rage na Jamus a jikinta shi ne hujin.

Maƙeri na biyu yana Kankiya

Nan ne darasin ya dawo gida. Mu ba ma gina ɗakin kwana a mota, amma aikin da muke yi iri ɗaya ne. Ana kawo motar kaya ’yar Beljiyam, wadda ba ta da taga ba ta da kujera, mai walda da fanabita su mayar da ita ta fasinja. Daga ranar nan ingancin motar ya rabu biyu, rabi na kamfani, rabi na wanda ya riƙe wutar walda. In ya yanke ginshiƙin da ke riƙe rufi don taga ta yi faɗi, ba injin Jamus ko na Jafan da zai hana rufin nan maƙalewa ranar da mota ta kife. In ya ɗiga wa ƙafar kujera walda a kan siririn ƙarfen dandamali, birki mai ƙarfi ɗaya zai tumɓuke ta da mutanen da ke kai. Ba zargin masu walda nake ba, da yawansu gwanaye ne. Amma sau nawa mai mota ke cewa “a yi mini na araha, gobe nake son fita”?

Abubuwa shida da za ka duba

Na ɗaya, lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma na farko-farkon suna nuna kamfani: J na Jafan, W na Jamus, Z na Italiya, VF na Faransa, L na Caina, 1 ko 4 ko 5 na Amurka. Ka tabbatar wadda ke jikin ƙarfe ita ce a takarda. Ka kuma tuna, a motocin Turai wani lokaci gidan kamfanin take nunawa ba inda aka haɗa motar ba.

Na biyu, ka kwanta a ƙasa. A Turai gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri ci yake wa ƙarfe. Ka shiga ƙarƙashi da tocila da sukundireba, ka soki wuraren da sifirin ke kama shasi. In yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ka tashi ka kakkaɓe rigarka.

Na uku, ka tafi da maganaɗisu. Na tsohuwar sifika ma ya isa. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike rami ne da fila aka fesa fenti.

Na huɗu, sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Jafan da Ingila kuwa har yau ta hagu suke bi. Motar da aka yi don can sai an juya mata sitiyari. In ka ga ƙofar fasinja mai zugewa tana gefen direba kawai, to an juya, kuma fasinjanka a tsakiyar titi za su riƙa sauka. A duba yadda aka haɗa sandar sitiyarin da bututun birki.

Na biyar, taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na 2016. Zanen na iya zama sabo alhali robar ta tsufa. Mai hoton dutse da ƙanƙara kuwa don sanyi aka yi ta, ba don kwaltar Kankiya a watan Afrilu ba.

Na shida, farantin nauyi. Yana jikin ƙofa ko cikin bonet, kuma lambar farko ita ce iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta. Mu ɗauki misali: in an rubuta kilo 3,500, motar kuma ita kaɗai tana da 2,000, saura 1,500. Buhun masara 15 ke nan, ba a ma cire direba da yaron mota ba. Na san dariya kuke, don kun ga abin da ake ɗora wa J5. Ana ƙara mata sifirin don kada ta zauna, amma wa ya taɓa ƙara mata birki? Lissafin da aka koya mana a aji bai canja ba: in ka ninka nauyi, aikin birki ya ninka biyu, in ka ninka gudu ya ninka huɗu.

Yadda aka ƙare da Yaya

A gaban dillali na soki dandamalin baya, sukundireba ta wuce kamar a tuwo. Ruwan da ya shekara yana bi ta ƙofar rufin nan ya gama da shi. Maganaɗisu ya ƙi kama kusan duk gefen hagu na ƙasa. Dillali ya ce, “Alhaji, kai da kuɗinka ka bari yaro ya hana ka arziki?” Yaya ya harare ni ya ce, “Kai wallahi ba ka da kunya, a gaban mutane?” Kwana uku bai yi mini magana ba. Baba ne ya kira shi ya ce, “Kai ka ce ya duba, ya duba. In ka saya ka saya, amma ba ni da wani sa da zan ba ka.”

Bayan wata guda ya samu wata, fentinta ya koɗe, ba wanda zai waiga ya kalle ta a tasha, amma ƙarƙashinta lafiya lau, kuma kayan gyaranta ko a Kankiya ana samu, in ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano. Rarar kuɗin ya sayi tayoyi sababbi. Kujerun ma da noti muka ɗaure su, aka sa faranti mai kauri ta ƙasa, ba a taɓa ginshiƙi ko ɗaya ba. Tana kan hanya har yau.

Abu ɗaya ne har yanzu ban ci nasara ba, lodi. Duk ranar kasuwa in na yi magana sai ya ce, “Ƙane, lissafinka daidai ne, amma wa zai biya kuɗin mai?” Amsar da nake da ita ba ta cika masa aljihu, kuma na san ba shi kaɗai ba ne. Wannan aikin namu ne mu da za mu fita da difloma bana: mu iya yi wa direba bayani da harshen da zai karɓa, mu kuma iya yi masa aikin da zai riƙe ko ba ma wurin.

In an kira ka duba mota a gida, kada ka tsaya a tambari. Ka nemi tabarma ko kwali ka shiga ƙarƙashi. Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya ba mu sa’ar jarrabawar da ke tafe.