Darasi: Wa Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Ba Littafin Lissafinsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku sani cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta shar'anta adalci ga marubucin. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta mafi alherin ma'aikaci da ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu (AS) ya nemi riƙon taskokin Masar da hujjar tsarewa da sani. Da wannan ma'auni ake zaɓen akanta.

Damagaram gidan fatauci ce tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayari ke tashi daga Zango zuwa Tarabulus. Amma har yanzu mai shago a kasuwar Dole yakan miƙa littafinsa ga ɗan ƙanensa don kawai ya yi lakkwal. Zumunci ibada ne, sai dai ba ya gyara lissafin da ya karkace, kuma ranar da kuɗi suka ɓata, kunya za ta hana ka tuhumarsa.

Ka fara jarraba saninsa a kan zakka. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda ya zo a Risala, 'yan kasuwa kashi biyu ne. Mudiri shi ne mai saye da sayarwa kullum, kamar mai kanti: idan shekara ta zagayo zai kimanta hajarsa da farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran a biya shi, ya fitar da ɗaya bisa arba'in in sun kai nisabi. Muhtakiri kuwa, mai ajiye wake ko gyaɗa yana jiran kasuwa, sai ya sayar zai fitar, na shekara ɗaya. Akantan da bai bambance waɗannan ba zai sa ka tauye haƙƙin matalauta ba ka sani ba.

Sannan canji. Mai saro atamfa a Kantin Kwari da naira ya sayar da sefa yana bukatar wanda ke rubuta farashin canji na ranar saye. Dattawa suna tune da Janairun 1994, da aka rage rabin darajar sefa. Naira ma ta faɗi ƙwarai bayan Yunin 2023.

Ta fuskar hukuma, Nijar tana cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, kuma tsarin lissafinta da aka sabunta ya fara aiki a 2018, da sauƙaƙƙen salo ga ƙananan sana'o'i. In harkarka ta girma, ka nemi wanda sunansa ke cikin rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci. Wanda ya yi maka tayin littafi biyu, ɗaya naka ɗaya na masu lanho, ka sallame shi tun ranar, domin hannun da ya saba da ƙarya saboda kai zai yi maka ita.

Ku rubuta ladansa da aikinsa a gaban shaidu biyu. Kada mai rubutu ya zama shi ne mai riƙe makullin akwatin kuɗi, kuma ƙarshen kowane wata ku zauna tare ku ƙidaya haja, ku gwada da abin da ke littafi.